Rumbun Yaya Habsu da Muka Liƙe

Yau shekara bakwai ke nan cif. Ƙarfe huɗu saura kwata na yamma, ranar Talata, ana tsakiyar girbin gero, yayata Habsu ta cika a ɗakinta, a ƙauyenmu da ke yamma da Gangara. Mu huɗu ne a kanta: ni ƙanenta Abdu, da 'yarta Rakiya, da Fanna ungozoma, ƙawarta tun suna 'yan mata, da matar liman da ke maimaita mata kalmar shahada. Mijinta yana gona, an aika a kira shi, bai iso ba sai da aka rufe mata ido. Na san lokacin domin na duba agogona. Aikin biro, wato ofis, ya saba mini da haka.

Ban taɓa rubuta komai a kanta ba. Bana ma ba don kaina na ɗauki alƙalami ba, sa ni aka yi, kuma zan faɗi wanda ya sa ni idan na kai wurin. Zan bi abin daki-daki: yadda ta tarar da garin, abin da ta yi, abin da ni na yi bayanta, sannan inda muke yau. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Mutumin Damargu ya san al'adar rumbu, amma jarida tana zuwa birni, don haka bari in bayyana. Idan aka gama kaka, maigida yakan zuba hatsin gandu a rumbu, ya sayar wa ayarin Buzaye abin da zai sayar, sannan ya kwaɓa laka ya liƙe bakin rumbun, ya ɗora jinka. Ba za a buɗe ba sai ruwan shuka ya sauka, lokacin da za a buƙaci iri da abincin masu noma. Daga nan sai ya ɗauki sandarsa ya tafi cin rani Damagaram ko Kano. Mace ba ta hawa rumbun miji, ba ta ma leƙa shi. An ce idan ta leƙa, albarka ta gudu. Ita da 'ya'yanta za su rayu ne da abin da ta samu a gamanarta, wato ɗan filin da miji ya yanka mata, wanda take nomawa bayan ta gama aikin gandu, ga jiki ya riga ya mutu.

Hatsin gamana bai cika kaiwa bazara ba. Idan zafi ya tsananta sai ka ga mata a daji suna tsinkar 'ya'yan anza, su jiƙa ta kwana da kwanaki don ɗacin ya fita. Babba yakan jure. Wanda ba ya jurewa shi ne yaron da aka yaye, wanda ya rabu da nono bai kuma yi ƙarfin tauna abin da manya ke taunawa ba. Ƙasarmu ce ke ciyar da mutanen Abzin, raƙuma na fita da gero jere-jere, amma yaranmu na kwana kusa da cikakken rumbu da ciki a fafe. Mun taso mun tarar da haka, ba wanda ya ga abin mamaki a ciki, har da ni.

Yaya Habsu ta binne 'ya'ya biyu a bazara biyu a jere, duk bayan yaye. Da aka zo yi mata gaisuwar na biyun, aka ce ta yi haƙuri, kwana ne ya ƙare. Ta ce ta yarda, amma tana mamakin yadda kwanan yaran garin nan ba ya ƙarewa da kaka, sai da bazara.

Kakar da ta biyo baya sai ta fara magana da mata a bakin rijiya. Rijiyarmu tana da zurfi, kafin guga ya fito an yi hira mai tsawo. Abin da ta nema kaɗan ne: kowace mace ta fitar da dami ɗaya daga gamanarta, a tara wuri guda, a ajiye wa yara. Amma ina za a ajiye? Duk rumbun da ke garin na namiji ne. Sai suka ce za su gina nasu. Su suka haƙa ƙasa, su suka jawo ruwa, su suka ɗora gini a bayan gidan Fanna. Maza na zaune a inuwar aduwa suna kallo. Wani ya ce rumbun da mace ta gina ko kaza ta jingina da shi zai faɗi. Fanna ta ce to kowa ya tsare kajinsa. Ranar ɗora jinka ba namijin da ya tashi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, gaskiya ne, amma ba a ce sai hannun maza ba. Mata goma sha biyu suka ɗaga ta, ta ɗan karkace gefe guda, haka ta zauna har ƙarshenta.

Dokokin rumbun uku ne, kuma ba a rubuta ko ɗaya ba. Ta farko, ba a liƙe shi. Zana ake rufawa a ɗora dutse, tsani kuma yana jingine kullum. Ta biyu, hatsin na yaran da aka yaye ne har su yi famfara, da mata masu goyo. Ta uku ita ce ta fi jawo rigima: ludayi ɗaya ne, na mace da na namiji.

Wannan ta ukun ba da maza ta yi faɗa a kanta ba, da 'yan'uwanta mata ne. Na gani da idona wata safiya da na zo gida hutu. An dama kunu a babbar tukunya, yara sun zauna da ƙoƙunansu. Sai ga Sa'a matar maƙeri ta riƙo ɗanta Idi. Yaya ta tambaye ta ina Lami, ƙanwarsa. Sa'a ta ce tana gida, ai ita mace ce, tana kusa da turmi, ba za ta rasa abin lasa ba.

Yaya ta ajiye ludayin a bakin tukunya. Ta ce, “Me za ta lasa, Sa'a? Taɓarya? Koma ki ɗauko ta. Kunun Idi yana nan, amma ba zai sha ba sai ƙanwarsa ta zauna kusa da shi.”

Sa'a ta tafi tana gunguni, ta dawo da yarinyar a baya. Tun daga ranar kowa ta san cewa wadda ta bar 'ya mace a gida, ɗanta zai jira.

Shekara shida rumbun yana aiki. Matan Fulani da ke shayar da shanu a rijiyarmu suka riƙa kawo nono ana zubawa a kunun, yaransu suna sha tare da namu. Ba zan ce ba a yi mutuwa ba a waɗannan shekarun. An yi. Amma masu haƙa kabari da kansu sun ce bazara ta yi musu sauƙi.

Ni kuwa a lokacin ina Tanut. Na yi shekara huɗu a lakwal, makarantar boko, na samu aikin kwafar takardu a wani biro, kuma ina ganin duk abin da ba a rubuta ba bai tabbata ba. Duk zuwana gida sai na ce mata wannan aiki yana son tsari, yana son takarda, yana son a san ranar buɗewa da ranar rufewa. Ita kuma ta kan kira ni Mushe Abdu, yadda ake kiran malamin lakwal, don tsokana, alhali ban taɓa koyar da kowa ba. Ta kan ce, “Mushe, takardar taka ta iya dama kunu? In ta iya, kawo ta, ni ma in huta.”

Kwana biyu kafin ta rasu ta sa aka fita aka bar mu. Ta ce ta san halina, ba mugu ba ne ni, amma ina son gyara abin da bai lalace ba. Ta ce rumbun in bar wa Fanna. Na ce to.

Yanzu na zo kan nawa.

Bayan sadakar arba'in an gama tara damman shekarar. Sai mata biyu suka yi cacar baki, ɗaya ta ce damin ɗayar bai kai dami ba. Abin da Yaya za ta kashe da wasa ɗaya. Ni kuwa sai na ce ga shi nan, tun ba a je ko'ina ba an fara, idan ba a sa tsari ba rumbun nan zai watse kafin sanyi ya wuce. Ban nemi Fanna ba. Na tara maigari da liman da Kyari mijin Fanna, ni ne na huɗu. Na rubuta takarda cewa za a liƙe rumbun don kada a taɓa shi kafin lokaci, za a buɗe ranar kaza a tsakiyar bazara, kuma ba za a buɗe ba sai mu huɗun mun hallara. Aka kwaɓa laka, kowannenmu ya danna tafin hannunsa a kai tun tana ɗanya. Mazan ba su ga laifi ba, ai abin da ake yi wa kowane rumbu ke nan.

Na ƙara wani abu da ya fi duka muni. Da na koma Tanut sai na buga wa takardar hatimin biro, ba da umarnin kowa ba, don dai ta yi kwarjini, na aiko wa maigari. Na manta abin da hatimi ke nufi a wurin mutanenmu. Dattawa ba su manta rumbun tsimi na zamanin Nasara ba, wanda duk mai taɓa shi gardi, dogarin gwamnati, ke ɗaure shi. Da suka ga hatimi sai suka ce shi ke nan, rumbun Habsu ya zama na gwamnati.

Kyari ya tafi cin rani Kano kamar kowace shekara. Bazarar ta zo da wuri, hatsin gamana ya ƙare tun kafin ranar da na rubuta. Mata suka je wa maigari. Ya ce shi ba zai taɓa abin da ke da hatimi ba, sai in Abdu ya ce, shi ya san dokar takarda.

Fanna ta hau jaki ta same ni a Tanut ranar kasuwa, wajen ƙarfe sha ɗaya na safe. Ba ta yarda ta shiga biro ba, a bakin ƙofa muka tsaya. Bayan gaisuwa ta ce yara sun fara cin anza. Na ce saura mako uku ranar buɗewa, kuma Kyari bai dawo ba. Ta ce Kyari mijinta ne, ta yafe hannunsa. Na ce ba haka ake yi ba, ƙa'ida idan aka karya ta sau ɗaya ta karye har abada.

Ta dube ni ta ce, “Ƙa'idar wa, Abdu? Wadda ta gina shi ta ce a bar mini, kuma kai ta faɗa wa.”

Na ce zan ba direban mota wasiƙa ya kai wa Kyari Kano, ya dawo da wuri. Na ba ta goro, na ce ta gaida gida. Wasiƙar ba ta taɓa isa hannunsa ba.

Mako biyu bayan haka baƙon dauro ya shigo garin. Daga baya Fanna ta gaya mini cewa wata rana da hantsi ta jingina tsani, ta hau da taɓarya a hannu za ta fasa. Da ta ɗaga jinkar sai ta ga shatin hannun mijinta a lakar, har da yatsan da ya karye masa tun yana yaro. Mata na ƙasa suna roƙon ta ta sauko, kada a ce mata ɓarauniya, kada gardi su zo su kwashe su duka a bar yara ba uwa. Ta ce hannunta ya ƙi sauka. Ta sauko da taɓaryarta.

Ɗan autan maƙeri ne ya fara rasuwa. Sai 'yar wata Bafulatana da ke zaune kusa da rijiya. Sai wasu biyu a unguwar gabas. Sai 'yar Rakiya, takwarar Yaya, wadda muke kira Ummi, shekararta biyu da 'yan watanni, ba a daɗe da yaye ta ba. Da labarin Ummi ya iso mini na kama hanya a ƙafa. Na isa washegari an riga an kai ta. Ban tsaya gaisuwa ba. Na hau tsanin, na fasa lakar da dutse, ba Kyari, ba ranar da na rubuta. Ƙa'idar da na ce ba ta karyuwa, da hannuna na karya ta, kuma ba gardin da ya zo.

Geron yana nan lafiya lau, cike har baki, ko ƙwaro bai taɓa shi ba. Fanna na tsaye a ƙasa. Ta ce, “Ka adana shi da kyau, Mushe.”

Mutane sun yi ta ba ni baki, wai baƙon dauro ba ya tambayar wanda ya ci da wanda bai ci ba. Na so in yarda. Amma na tambayi likita a Tanut, ya ce cutar tana kama kowa, sai dai wanda ta tarar da yunwa shi ta fi kayarwa. Ajali na Allah ne, ban musa ba. Laka kuwa ni na sa aka kwaɓa. Garin neman ƙiba na samo wa mutane rama.

Kakar da ta biyo baya ba macen da ta kawo dami. Ba a yi taro ba, ba a yi faɗa ba, kowace ta ɗaure nata ta kai ɗakinta. Suka ce abin da aka ƙwace sau ɗaya za a sake ƙwacewa. Rumbun ya tsaya ba kowa, damina ta cinye shi kaɗan-kaɗan. Yanzu tudun ƙasa ne, awaki ke hawa. Fanna tana nan da rai, idonta ya yi rauni. Idan na gaishe ta tana amsawa, ba ta ƙarawa.

Nakan zauna in tambayi kaina me Yaya za ta ce da ta ga yau. Abubuwa sun canja tun da muka samu 'yancin kai. Akwai rediyo a ƙofar maigari. A ciki mukan ji cewa manyan duniya sun zauna sun rubuta takarda a kan haƙƙin yaro, mace da namiji ba bambanci. Mukan ji labarin mata a ƙasashen da ban san inda suke ba, sun haɗa kai sun gina wannan, sun tsayar da wancan. Na tabbata za ta matso kusa ta saurara, ta ce ashe ba ita kaɗai ce mahaukaciya ba. 'Yan mata uku daga garinmu suna lakwal a Gangara, wannan ma zai faranta mata rai. Amma akwai ranar da wasu 'yan mata masu ilimi suka zo da mota, suka tara mata, suka nuna musu hotunan yadda ake dama wa yaro kunu mai gina jiki. Sun yi ƙoƙari, ban raina musu ba. Sai dai na san tambayar da Yaya za ta yi musu: da wane hatsin? Domin rumbunan maza har yau ana liƙe su kamar yadda aka saba, mace har yau ba ta leƙawa, gamana kuma ba ta ƙara faɗi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ita ta san inda garinmu ke yoyo ba tare da ta taɓa riƙe alli ba, ni da na riƙe na zo na toshe inda ba nan ba.

Me ya rage nata? Ginin ya tafi. Sunanta yaran yanzu ba su san shi ba. Abin da na ga ya rage shi ne a gidaje da yawa uwa ba ta ƙara iya cika ƙoƙon ɗa ta rage na 'ya ba tare da ta ji nauyi ba, ko da ba mai kallo. Ba duka gidaje ba, amma da yawa. Kaɗan ne idan aka auna da abin da ta so. Ban kuma sani ba ko zai wuce bazarar da ke tafe.

Domin bana ruwa ya ɗauke da wuri. Gero ya tsaya bai cika ido ba, daga Olelewa har Belbeji labarin ɗaya ne, kuma maza sun fara ɗaure kaya tun ba a gama sussuka ba. Rakiya, wadda ta yi shekara shida ba ta ce mini komai ba bayan ina kwana, ta tara mata biyar sun fara sabon gini a bayan gidanta. Lami 'yar Sa'a tana cikinsu, da goyonta. Ginin ya kai ƙirji. Tuni kuma maza sun fara cewa a wannan karon a sa shi ƙarƙashin kwamiti, a rubuta takarda, wataƙila biro ya taimaka. Ranar Juma'a bayan masallaci za su zauna a kai. Wasunsu sun ce a kira Abdu, shi ya san yadda ake yi.

Na je na sami Rakiya tana cuɗa laka. Na tambaye ta me zan yi. Ba ta ɗago ba. Ta ce, “Kawu, dami ɗaya za ka kawo, ka ajiye a ƙasa, ka juya. Sannan tunda rubutu ka iya, rubuta abin da ka yi. Mu mun faɗa ba su ji ba. Su ji daga bakin namiji.”

Damin na kai. Rubutun ga shi. Ranar Juma'a zan tashi a gaban masallaci in karanta shi da kaina, ban san ko za su saurara ba.

Kai kuma mai karatu, abu biyu nake roƙon ka, kuma ka yi su a jere. Kafin ka kwaɓa lakar rumbunka bana, ka kira matarka ka tambaye ta wane wata hatsinta zai ƙare, ka yarda da abin da ta ce, ka fitar mata da na sauran watannin tun kana gida. Bayan haka, idan matan garinku sun tara abu don yaransu, ka ba da naka ka ja da baya. Kada ka rubuta musu doka, kada ka tsara musu rana, ko da kana ganin ka fi su sani. Waɗanda suka fi buƙatar wannan magana ba su iya karatu ba. Ka ɗauki jaridar nan ka kai inda maza ke zama, ka karanta musu da ƙarfi tun ba su kama hanyar Kano ba, kuma idan ka zo wurin sunana kada ka tsallake.